Ƙwallon Ranar Talata

Zubairu akawu ne a sakatariyar ƙaramar hukuma a Talata Mafara, aikinsa buga takardu da adana fayil. Asalinsa mutumin Damri ne. Matarsa Husna da 'yarsu Fiddausi suna can gida tare da mahaifiyarsa, wadda ciwon ƙafa ya zaunar, shi kuwa ya kama hayar ɗaki guda a wani gida da ke bayan tasha. Ran Juma'a bayan masallaci yake tafiya gida, ya dawo Litinin da sassafe. Sauran kwanakin kuwa daga ofis sai ɗaki.

Ba wani abin kirki a ɗakin: katifa, tabarma, risho, da ɗan tebur. A kan teburin akwai tsohuwar kwamfuta laftof da ya saya a hannun wani tun yana ɗalibi. Batirinta ba ya wuce minti arba'in idan an ɗauke wuta, kuma zafi take yi kamar dutsen guga, shi ya sa ya ɗora ta a kan marafan kwalba huɗu don iska ta riƙa shiga ƙarƙashinta. A cikinta akwai wasan ƙwallon ƙafa, akwai kuma fad guda biyu, abin nan da ake riƙewa da hannu biyu ana dannawa don juya 'yan wasa. Ɗaya baƙi, ɗaya ruwan toka da aka naɗe wayarsa da salatif.

Mai ruwan tokan na Sadi ne. Ba shi ya saya ba, amma ya ce hannunsa ya saba da shi, ba ya taɓa ɗayan.

Sadi abokinsa ne tun makarantar kwana. Yana zaune a Maradun, yana da ɗan shagon maganin dabbobi, kuma yakan hau babur ya bi rugage yana yi wa shanu allura, wani lokaci har wajen Gidan Goga. Kowace Talata yana zuwa kasuwar Mafara sayen kaya. In ya gama ya ɗaure kwalayensa a bayan babur, sai ya biyo ta ɗakin Zubairu, wanda shi ma ranar ba ya wuce ƙarfe biyu a ofis.

Tun daga zaure ake jin muryarsa.

"Akawu! Ka shirya shan kashi ko in tahi in dawo?"

"Shigo dai, Likitan shanu. Na ga bakinka ya warke tun na wancan mako."

Sai su yi doguwar gaisuwa kamar sun shekara ba su haɗu ba, a tambayi Inna da ƙafa, a tambayi Taiba matar Sadi da yara, a tambayi hanya. Sadi ya kwance ƙullin tsire ko ƙosai da ya riƙo, su ci, su wanke hannu sosai don kada mai ya ɓata fad, sannan su zauna a tabarma kafaɗa da kafaɗa.

Sadi ba gwani ba ne, amma ɗan surutu ne. Shi ne ɗan wasa, shi ne mai sharhi, shi ne 'yan kallo. In ɗan gabansa ya kama ƙwallo sai ya karkata jikinsa duka zuwa inda yake so ya bi, har ya ture Zubairu. In ya zubar da ci sai ya ce fad ne, in aka ba shi jan kati ya ce alƙalin ɗan Damri ne. In kuwa Allah ya ba shi sa'a ya zura ƙwallo a raga, sai ya ajiye fad ya miƙe ya zagaya ɗakin, har matan gidan su riƙa dariya daga tsakar gida. Zubairu shi mai shiru ne, yana son ya yi ta ba da ƙwallo ƙafa zuwa ƙafa har sai hanya ta buɗe. Yawanci shi ke ci, amma ba kullum ba.

Suna yin wasa uku ko huɗu, su yi la'asar, su ƙara ɗaya. Ƙarfe biyar na yi Sadi zai duba agogo ya miƙe, don ba ya yarda magariba ta riske shi a hanya. Haka suka yi kusan shekara huɗu.

Sai shekarar da aka rufe kasuwannin mako saboda matsalar 'yan bindiga, aka kuma yanke layin waya a jihar baki ɗaya. Talatar farko Zubairu ya dawo daga ofis ƙarfe biyu kamar kullum, ya share ɗaki, ya shimfiɗa tabarma, duk da ya san ba kasuwa. Ya zauna yana jin ƙarar duk babur ɗin da ya wuce ta bakin zaure. Da aka kira la'asar ya tashi ya yi alwala. Da ya dawo daga masallaci ya kunna kwamfutar, ya zaɓi ya kara da ita kanta.

Wasa da na'ura daban ne. Ba ta gardama, ba ta jin haushi. In ka ci ta, sai 'yan kallon cikin allo su yi sowa iri ɗaya da ta jiya, a maimaita maka cin sau biyu, a koma tsakiyar fili. Ranar ya ci ta huɗu da nema, ya juya gefensa na dama zai yi magana, sai ya ga bango.

Duk da haka bai daina ba, don ba shi da abin yi. Gari ya yi tsit, ba waya balle a ji muryar gida, majalisar bakin tasha ta watse tun da masu shayi suka rage zama. Sai ya shiga gasar da ake ɗaukar ƙungiya guda a yi ta tafiya da ita kaka bayan kaka. Ya zaɓi wata ƙaramar ƙungiya da ba ta da kowa, ya fara daga rukunin ƙasa. A nan ya sami wani daɗi da bai san da shi ba a da. Ya koyi yadda ake jan ɗan baya ya fito sannan a saka ƙwallo ta bayansa. Ya koyi bugun tazara, ya gane wane ɗan wasa ne ke gajiya bayan hutun rabin lokaci. Akwai wani dogon ɗan gaba da ya ɗauko yana matashi, marar sauri amma mai kai, ya yi ta sa shi har ya zama abin tsoro a gasar. Ranar da ƙungiyar ta haura rukunin sama da ci ɗaya a minti na tamanin da tara, Zubairu ya daka tsalle har ya buge gwiwa da tebur. Ya tsaya yana haki yana murmushi. Sannan ya zauna ya shafa gwiwar, ya rasa wanda zai gaya wa.

Ya gwada gaya wa Husna ran Juma'a. Ta saurare shi tana tankaɗe, ta ce, "To, Allah shi ƙara sa'a, Baban Fiddausi," da irin muryar da take yi wa Fiddausi in ta kawo mata zanen da ta yi a ƙasa. Bai ƙara tayar da zancen ba.

Ya gwada jawo maƙwabcinsa Nasidi, wani magidanci mai sayar da taya da ke haya a ɗakin da ke kallon nasa. Nasidi ya riƙe fad kamar an ba shi ɗan tsako, ya yi ta bugun ƙwallo waje, kafin a je hutu ya ajiye.

"Malam Zubairu, wanga abu sai ku. Ni ido na ke mani ciwo. In dara ce, to, ka kira ni."

Bayan wata uku ko fiye layin waya ya dawo, kasuwa ma aka buɗe. Abin da Zubairu ya fara yi shi ne kiran Sadi. Wayar a kashe. Ya kira da rana, ya kira da yamma, ya tura saƙo. Talata ta zo ta wuce, wata ta zo ta wuce. Ya ce a ransa zai je Maradun ya duba, amma Asabar da Lahadi na Damri ne, ga Inna ba lafiya, ga labaran hanya da ake ta bayarwa a ofis. Kullum sai ya ce mako mai zuwa. Wani lokaci kuma haushi ke kama shi: mutum in yana lafiya, ai ko wayar wani ya ara ya kira. A haka har aka shiga bazara.

Wata Laraba wani dattijo daga Maradun ya zo ofis neman takarda. Zubairu yana buga masa, sai ya tambaye shi ko ya san Sadi mai maganin dabbobi.

"Sadi na bakin kasuwa? Ai ba shi Maradun yanzu. Ba ka ji abin da ya same shi ba?"

Zubairu ya ɗauke hannu daga kan madannai.

Dattijon ya ce tun kafin a maido da waya aka tare Sadi a hanyar Gidan Goga, ya je duba wasu shanu. Kwana talatin da wani abu ya yi a daji. Sai da aka sayar da shagon da babur ɗin kafin ya fito. Yanzu yana Bakura, gidan surukansa.

"Da rai dai ya hito, alhamdu lillahi. Wasu da anka kama tare da shi ba su dawo ba."

Zubairu ya ƙarasa takardar da kuskure uku, sai da ya sake bugawa. Da ya koma ɗaki bai kunna komai ba. Ya zauna a bakin katifa yana lissafa watannin da ya yi yana jin haushin mutumin da ya sha ɗauri a daji a lokacin da shi yake nan yana murnar ƙungiyarsa ta haura rukuni.

Washegari ya nemi izini a ofis. Ya sayi lemo da sukari da sabulu. Ya daɗe yana kallon kwamfutar, yana tunanin ko ɗaukarta rashin hankali ne. Daga baya ya cusa ta a jaka tare da fad biyun, ya tafi tasha ya shiga motar Bakura.

Bai sha wuyar gane gidan ba. Ya yi sallama a zaure, aka ce wa ake nema, ya faɗi sunansa. Jim kaɗan Taiba ta leƙo daga bayan ƙofa, ta durƙusa suka gaisa. Ta rame, amma ta yi murna da ganinsa.

"Malam Zubairu, sannu da hanya. Kullum sai na ce mashi shi kira ka, sai shi ce sai ya ji sauƙi. Shiga, yana ɗakin soro. In ka ga bai cika magana ba, kada ka damu, haka yake da kowa."

Sadi yana zaune a kan tabarma ya jingina da bango, da rediyo a gefensa a kashe. Da ba don idanunsa ba da Zubairu bai gane shi ba. Wuyan rigarsa ya yi masa yawa, furfura ta fito masa a gemu. Ya yi yunƙurin tashi, Zubairu ya riga shi durƙusawa. Suka yi musabaha, suka daɗe ba su saki ba.

"Akawu."

"Likita. Sannu. Sannu, Sadi. Wallahi jiya-jiyan nan na ji."

"Na sani. Ni na hana a gaya maka."

Suka bi gaisuwa yadda aka saba, Inna da ƙafa, Husna da Fiddausi, aiki, zafi. Da gaisuwar ta ƙare, Zubairu ya so ya ba da haƙurin rashin zuwansa Maradun, ya fara, Sadi ya girgiza kai.

"Da ka zo ma mi za ka yi? Bari wannan."

Aka kawo fura da ruwa. A nan Zubairu ya lura Sadi da hannun dama kaɗai ya karɓi kwanon, ya tallafe shi da gwiwa. Hannun hagun yana kan cinyarsa, yatsu sun lanƙwashe ciki, ga wani baƙin tabo ya zagaye wuyan hannun.

Sadi ya ga inda yake kallo. "Igiya ce. Sun matse ta da yawa kwanakin farko. Likita ya ce jijiya ce ta taɓu. Babban yatsa da manuni ba na jin su sam." Ya ɗan yi murmushi. "Ko sirinji ban iya riƙe ma saniya yanzu."

Zubairu ya ji kunyar jakar da ke bayansa, ya ɗan tura ta da ƙafa. Amma wayar fad ta leƙo ta bakin zif, Sadi kuwa ya gani.

"Ita ce ka ɗauko?"

"Na dai sako ta ne. Ba sai mun..."

"Hiddo ta mu gani."

Babu wuta a gidan, sai abin da batir ya riƙe. Zubairu ya ɗora kwamfutar a kan wani tsohon akwati, ya kunna. Da kiɗan farkon wasan ya tashi, fuskar Sadi ta ɗan saki. Ya ɗauki mai ruwan tokan, ya juya shi, ya shafa salatif ɗin da yatsa. Ya ɗora shi a gwiwa, ya yi ƙoƙarin tura sandar hagu, wadda ake tafiyar da ɗan wasa da ita, da gefen tafin hannunsa.

Aka take wasa. Ɗan wasan Sadi ya karɓi ƙwallo, ya yi gaba kaɗan, ya kauce, ya fita da ita waje ba wanda ya taɓa shi. Aka sake, haka. Zubairu ya rage ƙarfi, ya riƙa ba da ƙwallo baya, yana barin hanya a buɗe, yana bugawa sama da raga da gangan. Ya kai minti biyar yana haka. Sadi ya ajiye fad.

"Akawu, ka daina. Ina gani. Ko da can da nike da hannu biyu ba ka taɓa bar mani ba, don Allah kada ka fara yau."

Zubairu ya sauke nasa fad ɗin. 'Yan wasa suka tsaya cirko-cirko a fili, 'yan kallo na ta sowarsu. Sadi ya ce ya rage ƙarar, hayaniya tana sa masa ciwon kai yanzu. Ya rage.

Can Zubairu ya ce, "To mu koma gefe guda. Fad ɗaya. Ni in riƙe hagu in yi gudu, kai ka riƙe dama ka yi bugu."

Sadi ya dube shi kamar zai ƙi, sannan ya matso. Suka riƙe baƙin fad tare, kowa da hannu guda, suka kara da na'ura. Abin ya zo a hargitse. Zubairu zai nufi raga, Sadi ya ba da ƙwallo baya; Zubairu zai juya, Sadi ya riga ya buga. Na'ura ta zura musu biyu kafin hutu. Bayan hutu Zubairu ya ja ɗan gefe ya gangara har kusurwa, ya ce, "Yanzu!" Sadi ya danna, ƙwallo ta tashi ta faɗo a kan ɗan gaba, ya sake dannawa, ta daki turke ta dawo fili.

"Kai! Alƙalin ga..." Sadi ya fara da tsohuwar muryarsa, har ya ɗaga daga bango. Bai ƙarasa ba. Ya yi dariya gajeriya, dariyar ta juye ta zama wani abu, ya kau da kai ya share ido da hannun riga. Zubairu ya tsura wa allo ido kamar bai gani ba. Ana saura minti goma a tashi batir ya ƙare, allon ya yi baƙi.

Suka zauna a haka. Daga cikin gida ana jin daka da kukan akuya.

"Sati biyu masu zuwa za mu koma Sakkwato," in ji Sadi. "Yayan Taiba na da shagon magani can, ya ce in zo in riƙa zama mashi. Kuma akwai masu gashin hannu a asibiti. Ni dai ba ni iya sake bin hanyoyin nan, Zubairu. Ko ƙarar babur na ji sai gabana ya faɗi."

Rabon da ya kira shi da sunansa na yanka har Zubairu ya manta.

"Allah shi sa haka ya fi alheri," ya ce. "Sakkwato ai ba nisa."

"Ba nisa," in ji Sadi. Dukansu sun san ba za a riƙa zuwa ba.

Suka yi la'asar tare a ɗakin, Zubairu ya ja. Da zai tafi Sadi ya rako shi iyakar bakin zaure, bai taka waje ba.

A tasha motar Mafara na lodi, amma Zubairu ya wuce ta ya nemi ta Damri. Husna ta yi mamakin ganinsa ran Alhamis, ta tambaya ko lafiya. Ya gaya mata komai a tsakar gida, Inna na saurare daga bakin ƙofarta tana ta salati. Da ya gama, Husna ta kawo masa ruwa ta zauna kusa da shi fiye da yadda takan zauna a gaban Inna.

Sadi ya koma Sakkwato kamar yadda ya faɗa. Ya sayi sabon layi, sukan gaisa jefi-jefi, hirar ba ta wuce minti biyu. Zubairu ya ci gaba da zamansa a ɗakin bayan tasha. Ya yi kusan wata bai taɓa wasan ba, sannan wata rana ya dawo daga aiki, zafi ya hana shi barcin rana, ya kunna ya ci gaba da gasarsa daga inda ya tsaya.

Wata yamma yana tsakiyar wasan kusa da na ƙarshe sai waya ta yi ƙara. Sadi ne. Ya ce yana shago, ba ciniki, mai shagon ya fita.

"Mi nike ji haka? Bugawa kake?"

"Wallahi. Ɗaya da ɗaya muke, saura minti ashirin."

"To kada ka tsaya. Aje wayar kusa, ka riƙa gaya mani abin da ake ciki."

Zubairu ya buɗe lasifikar wayar ya jingina ta da kwamfutar. Bai saba da sharhi ba, da farko sai ya ji nauyin bakinsa. Ya fara a hankali: ga ɗan tsakiya ya karɓa, ya ba na gefe, an tare shi, ta fita, bugun kwana ne. Sadi na cewa, "Ka sako ta sama! Ka sako ta sama mana!" Muryar Zubairu ta riƙa ɗagawa har Nasidi ya leƙo ta taga ya koma. Ya sako ta sama, mai tsaron gida ya fito ya dunƙule ta, ta faɗo bakin da'ira, ɗan bayansa ya sheƙo ya ɗirka mata ƙafa ta shige ƙasan raga.

"Ta shiga! Likita, ta shiga! Biyu da ɗaya!"

Bai ji amsa ba. Ya duba wayar, ashe layin ya katse, bai san tun yaushe ba. Ya dakatar da wasan ya kira, aka ce ba a samun lambar. Ya sake kira, haka. Ya rubuta masa saƙo cewa an ci, ya tura, saƙon ya tsaya bai tafi ba.

Ya ajiye wayar, ya ƙarasa minti bakwai ɗin da suka rage yana tsare gida, aka tashi biyu da ɗaya. Ya adana wasan, ya rufe kwamfutar, ya ɗauki kwano ya fita sayen tuwo kafin mai tuwon bakin tasha ta tashi.